Ba Dubai kaɗai ba ce waje: Fas, Kaulaha, Harar ko Bursa, ina za ka kai kuɗin adashinka?

Ɗan yayana ne ya jawo rubutun nan. Yana da ɗan shago a babbar kasuwar Garwa a arewacin Kamaru, shekara uku kenan yana zubin adashi, da ya kwasa sai ya same ni gida bayan isha'i ya ce Baffa ina so in fita waje ko sau ɗaya ne in ga duniya, kuma abokaina duk sun ce Dubai. Na ce toh me za ka je yi a Dubai ɗin, kaya za ka saro? Ya ce a'a, ai kowa can yake zuwa. Wallahi amsar nan ta tsaya min a rai, don ita ce dai amsar da matasanmu na Garwa da Marwa da Kuseri da Njamena suke bayarwa, mutum ya yi shekaru yana tara sefa ya je ya tsaya gaban dogon bene ya ɗauki hoton da dubban mutane suka riga suka ɗauka, ya dawo bai zauna da ko mutum ɗaya ɗan ƙasar sun sha shayi tare ba. Ba aibata Dubai nake ba fa, wanda sana'arsa sarin waya ce ko turare a Deira wannan kasuwarsa ce ya je. Maganata da mai son ya ga mutane ne ya ƙaru.

Garuruwa huɗu na ajiye masa: Fas a Maroko, Kaulaha a Senegal, Harar a Habasha, sai Bursa a Turkiyya. Duk cikinsu babu wanda jirgi zai ɗauke ka daga nan ya sauke ka a ƙofarsa, kuma wannan shi ne tushen maganar gaba ɗaya.

Abin da nake aunawa da shi

Na farko kuɗi, kuma nan mutane suke faɗawa rami don tikitin jirgi kaɗai suke lissafawa. Tafiyarmu mu 'yan arewa hawa uku ce. Akwai ta daga gida zuwa filin jirgi, in Yawunde ne ko Duwala sai ka bi mota zuwa Ngaundere ka kwana a jirgin ƙasa na Camrail, ko ka biya jirgin cikin gida, wanda yake Marwa ko Kuseri kuwa sau da yawa Njamena ta fi masa kusa, ya haye gadar Ngeli kawai yana filin jirgin Hassan Djamous, shi ya sa nake cewa ka tambayi farashi ta ɓangare biyun kafin ka biya. Sai jirgin kansa. Sai hawa na uku, wato daga babban birnin da ka sauka zuwa garin da ka nufa, wanda shi ne ba wanda yake gaya maka. Kuma ka riƙe yuro a hannu, yuro 1 kusan sefa 656 ne kuma a ɗaure yake ba ya motsi, sefarmu kuwa da ka fita yankin nan da wuya ka samu mai karɓa.

Na biyu takardu da sauƙin hanya. Fasfo ya zama da saura wata shida aƙalla, katin rigakafin shawara ɗin nan mai ruwan ɗorawa yana cikin aljihu, sannan biza, ita kuwa ka'idarta tana canjawa, da ƙafarka za ka je ofishin jakadanci ka ji. Na taɓa ba wani mai shirya tafiya fasfona da kuɗin kafin alƙalami, sati biyar yana ce min gobe jibi, ƙarshe fasfon kawai na karɓo. Zuwa da kai ya fi aike.

Na uku harshe, don mu da Faransanci da ɗan Larabcin Cadi ko na allo muke fita. Na huɗu haɗari, na tsaro da na lafiya da na 'yan damfara. Na biyar, wanda ya fi min duka, me zai zauna maka bayan ka dawo, kaya ne ko ilimi ko mutanen da za ka ci gaba da gaisawa da su.

Fas

Masu zuwa Maroko yawanci Marakesh suke nufa ko su tsaya Kazablanka. Kai in ka sauka filin jirgin Kazablanka akwai jirgin ƙasa a ƙarƙashin filin, ka hau zuwa tashar Casa Voyageurs ka canja, kamar awa huɗu kana Fas, a zaune cikin kwanciyar hankali. Hawa na uku a nan shi ya fi sauƙi cikin huɗun.

Tsohon garin, Fas al-Bali, mota ba ta shiga. Lungu ne cikin lungu, jakuna da alfadarai ke dakon kaya, in ka ji an ce "balak" ka manne da bango. Ta ƙofar Bab Bujulud ake shiga a gangara har masallacin Ƙarawiyyin wanda wata baiwar Allah Fatima al-Fihriyya ta gina a shekarar 859, kuma har yau ana karatu a cikinsa. Ba nisa daga nan zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani take, shi da aka haifa a Ainu Madi ta Aljeriya ya zo ya zauna Fas har ya rasu a 1815, kabarinsa yana ciki. Ko kai ba ɗan ɗariƙa ba ne ka je ka zauna ranar Juma'a bayan la'asar ka ga mutanen Senegal da Mali da Najeriya da Sudan da Cadi a sahu ɗaya, ina tabbatar maka kafin magariba sai ka ji Hausa a bayanka. Wannan ne ya sa Fas ba ta yi wa ɗan nan baƙunta sosai, in ka ɓace akwai wanda zai nuna maka masauki mai araha.

Sai majemar Shuwara. Wanda ya san majemar Marwa zai tsaya ya daɗe yana kallo, rijiyoyin rini jere ja da rawaya da ruwan ƙasa, mutane a ciki har gwiwa, warin ma irin wanda ka sani ne sai dai su suna miƙa maka na'ana'a ka sa a hanci. Ka tuna kuma jar fatar akuyar Sakkwato da fatake suke ƙetare Sahara da ita, Turawa sun daɗe suna kiranta fatar Maroko don ta can take isa gare su. Mai sana'ar fata ko ɗinki zai dawo da ido sabo daga wajen nan.

Kuɗi matsakaici ne. Dirhami ɗaya kusan sefa 60, abincin kan hanya irin harira da burodi da tajin na ƙananan gidajen abinci ba ya cin aljihu, masauki kuma akwai na kowane hawa. Biza kam sai ka nema, ɗan Kamaru ne kai ko ɗan Cadi, a ofishin jakadancinsu na Yawunde ko Njamena. Faransanci yana aiki ko'ina, Larabcinsu na darija sai ka kasa kunne amma za a fahimci juna. Haɗarin ba na rai ba ne, na aljihu ne: samari masu cewa za su raka ka kyauta. Ni ma wani ya ce min hanyar zawiya a rufe take ya zaga da ni sai ga mu a shagon darduma, na yi kusan awa kafin na fita. Ka ce "la, shukran" ka wuce kawai. Kuma kar ka je daga Disamba zuwa Fabrairu ba tare da rigar sanyi ta gaske ba, sanyinsu da ruwa yake zuwa ba irin hunturunmu ba ne, watan Afrilu ko Oktoba ya fi.

Kaulaha

Mai zuwa Senegal Dakar yake tsayawa, ya je tsibirin Gore ya dawo. Kaulaha tana da nisan kusan kilomita 190 daga Dakar, kuma sabon filin jirgin Blaise Diagne da aka buɗe a 2017 yana wajen gari ne ta ɓangaren da za ka nufa, ba dole ka shiga cunkoson Dakar ba. Mota ce za ta kai ka, ko bas ko irin masu ɗaukar mutum bakwai ɗin nan.

Gaskiya garin kansa ba wajen kallo ba ne, garin gyaɗa ne da gishiri da ƙura, zafinsa a Afrilu da Mayu ɗan Garwa ma zai jinjina masa. Abin da ke kai mutane Madina Baye ce, unguwar Shehu Ibrahim Inyass, wanda aka haifa a Taiba a 1900 ya rasu a Landan a 1975 aka dawo da shi nan. Alaƙarsa da ƙasar Hausa tsohuwa ce tun haɗuwarsa da Sarkin Kano Abdullahi Bayero, shi ya sa a Madina Baye Hausa kamar harshen gida ce, za ka ji ta a masallaci da wajen masu abinci da bakin ɗalibai. Cikin huɗun nan babu inda za a karɓe ka a zaunar da kai gaban babban faranti na shinkafa da kifi, cebujen ɗinsu, da sauri kamar nan.

Inda ake ruɗuwa wajen kuɗi ne, wuri biyu. Mutum yana ganin ai Afirka ce tikiti zai yi araha, alhali sai ka bi ta Lome da jirgin kamfanin ASKY ko ta Abijan, kuma sau da yawa farashin yana kamo na Kazablanka ko Istanbul. Na biyu sefa: tasu ta Afirka ta Yamma ce tamu ta Afirka ta Tsakiya, daraja ɗaya amma mai shago ba zai karɓi tamu ba, masu canji kuma sai sun yanke nasu. Da ka isa dai zaman kansa shi ya fi araha. In lokacin Maulidi ka nufa, Gamu kamar yadda suke cewa, ka san cewa jama'a ce ba masaka tsinke, wajen kwana sai da sanayya, mai son zama da malamai a nutse ya zaɓi wani watan. Sauro akwai, ka tafi da maganinka da gidan sauro kamar dai a gida. In kwanaki sun rage ka leƙa Tiwawan ko Tuba, ko ka hau arewa zuwa Ndar wato Sanluwi ka taka gadar Faidherbe.

Harar

Wannan ita ce ta fi burge ni kuma ita ce ba zan ce kowa ya je ba. Ethiopian Airlines tana zuwa Njamena da Yawunde da Duwala, kuma mutanenmu da yawa sun sha kwana filin jirgin Adis Ababa a hanyar Dubai ko Sin ba su taɓa fita sun ga ƙasar ba. Biza ta intanet ake cikewa. Daga Adis sai ka sake hawa ƙaramin jirgi zuwa Dire Dawa, daga nan mota ta hau da kai dutse kusan kilomita 50. Ta ƙasa daga Adis ya haura kilomita 500 kuma ban ba ka shawarar bi ba, don akwai yankunan Oromiya da ba a zaune suke ba, yankin Amhara ma haka, wani lokacin har intanet ake yankewa. Wannan hawa na ukun shi ke ƙara kuɗin kuma shi ne haɗarin.

Amma in ka shiga Jugol, wato cikin ganuwa, za ka manta wahala. Ganuwa ce da ake jingina wa Sarki Nur bin Mujahid a ƙarni na 16, da tsofaffin ƙofofi biyar, cikin ɗan wannan fili akwai masallatai 82 da hubbarai sama da 100, UNESCO ta sa garin cikin kayan tarihin duniya a 2006. Lungunan a shafe da launi, gidajen Hararawa kuma ɗakin zama hawa-hawa ne kowa da matsayinsa, bango cike da faifai da kwanuka, sai na tuna jeren ɗakin iyayenmu mata. Wasu gidajen suna karɓar baƙi, can za ka sauka ba otel ba. Gahawarsu a gabanka za a soya a daka a dafa. Da dare a bayan ganuwa akwai masu ciyar da kuraye da hannu, mu da muka san gardi da kurarsa a ɗaure da takunkumi, nan kurayen daji ne suke zuwa da kansu su karɓi nama su koma.

Matsalar harshe ce babba. Faransanci ba ya aiki, akwai Hararanci da Oromanci da Amharik da Somaliyanci, sai Larabci wajen malamai da wasu dattawa, shi ya sa ɗan Cadi ya fi ɗan Kamaru samun sauƙi a nan. Agogonsu ma daban, daga fitowar rana suke fara ƙirga, in direba ya ce ƙarfe ɗaya na safe ƙarfe bakwai ɗinka yake nufi, ka tambaya sau biyu kar mota ta tafi ta bar ka. Abinci injera ce mai tsami, wani cikin sai ya kwana biyu kafin ya saba, nama kuma ka nemi mahautan Musulmi don a Habasha a rabe suke. Garin yana kan tudu, dare da sanyi. Wani abu kuma, masallacin Najjashi da ake ba mu labarin hijirar farko ba nan yake ba, yana can arewa a Tigrai, tafiya ce daban kar wani ya haɗa maka su a lissafi ɗaya.

Bursa

'Yan kasuwarmu sun san unguwannin sari na Laleli da Merter a Istanbul kamar tafin hannunsu, amma ƙalilan ne suka taɓa hayewa Bursa, alhali jirgin ruwa ne kamar awa biyu zuwa Mudanya sai ɗan guntun mota, ko bas ta gadar Osmangazi. Turkish Airlines kuma tana tashi daga Njamena da Yawunde da Duwala. Bursa ce babban birnin Usmaniyya na farko tun 1326, kaburburan Usman Gazi da ɗansa Orhan suna nan, ga babban masallacin Ulu Jami mai ƙubba 20 da aka gama a 1399, bangonsa duk rubutun hannu manya-manya, ga Koza Han tsohuwar kasuwar alharini. Garin masaƙu ne, tawul da yadi da labule, mai shago zai ga abin da zai yi lissafi a kai. Ga dutsen Uludag a bayan gari, wanda bai taɓa taɓa ƙanƙara ba ya hau da hunturu ya taɓa. Mai kwanaki da yawa ya ƙara da Konya ta jirgin ƙasa mai gudu daga Istanbul ko Ankara, can kabarin Maulana Jalaluddin Rumi yake wanda ya rasu a 1273.

Tsaro lafiya lau, hanya sumul, abinci halal ba sai ka tambaya ba. Nauyin yana wajen biza, takardu da yawa: bayanin asusun banki, shaidar masauki, inshora, tikitin dawowa, wanda kuɗinsa a akwati yake ba a banki ba zai sha wuya. Tsadar kaya kuma tana hawa da sauri a Turkiyya, farashin da abokinka ya gaya maka na bara kar ka dogara da shi. Harshe kuwa Turkanci ne zalla da ka bar Laleli, da manhajar fassara ta waya za ka yi ciniki, hira mai tsawo da ɗan gari da wuya.

| Gari | Kuɗi | Biza da hanya | Harshe | Haɗari | Abin da zai zauna maka |
|---|---|---|---|---|---|
| Fas | matsakaici | biza dole, jirgin ƙasa mai sauƙi | Faransanci, Larabci | 'yan rakiyar ƙarya, sanyi | ziyara, tarihi, sana'ar fata |
| Kaulaha | tikiti da tsada, zama araha | jirgi mai canji, sai mota | Faransanci, Hausa | zafi, sauro, cunkoson Maulidi | malamai da 'yan'uwa |
| Harar | jirgi biyu, zama araha | biza ta intanet, hanya mai hawa-hawa | ɗan Larabci | tsaron hanya, abinci | abin da ba ka taɓa gani ba |
| Bursa | mafi tsada | takardu masu nauyi, hanya sumul | Turkanci | tashin farashi | hanyar kasuwa, tarihi |

Toh wa zai je ina

In fitarka ta farko ce kuma kana jin Faransanci ko Larabci, Fas. In da iyali za ka, musamman da Hajiya ko dattijo, Kaulaha ta fi don ƙasa ce shimfiɗaɗɗa kuma za su samu abokan hira da Hausa, lungunan Fas hawa da gangara ne gwiwar tsoho ba za ta so ba, sai dai a kauce wa watannin zafi. In kana da shago kana so tafiyar ta mayar da wani abu daga kuɗinta, kuma kana da asusun banki mai motsi, Bursa, ka yi kwana biyu a Istanbul sauran ka haye. Harar ta wanda ya saba tafiya ce, mai haƙuri da canjin shiri, kuma ku tafi ku biyu, ku bincika halin tsaro a satin da za ku tashi ba wata guda kafin nan ba. Wanda biza ce gaba ɗaya ba ya son wahalarta ya duba Benin da ta cire wa 'yan Afirka ita, ko Ruwanda da ake buga maka a filin jirgi. Mai sarin waya da turare kuwa ya ci gaba da Dubai ɗinsa.

Ɗan yayana Fas na zaɓa masa, don yana da Faransanci, yana sayar da takalma da jakunkuna, kuma kuɗin adashin ba zai ɗauki jirgi biyu ba. Na ce ya ware kwana takwas, biyar a Fas, ɗaya ya leƙa Maknas da ke kusa, biyu na hanya, ya ajiye kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin a yuro kar ya taɓa sai dole. Ya ce Baffa toh abokaina fa? Na ce ya nemi guda ɗaya cikinsu su raba kuɗin ɗaki. Yanzu haka yana haɗa takardu, wata mai zuwa in Allah ya yarda zai bi jirgin Ngaundere ya kai su Yawunde.